Kurakuran masu fara hawan keke don motsa jiki, har da wanda ya kusa cinye mini gwiwa

Na gaji da jin magana ɗaya daga bakin masu sha'awar keke: "Bari dai in samu hutu in tafi karkara, can zan fara da gaske." Wannan buri na san shi ciki da bai, don ni ma na yi shekaru ina rainonsa. Ɗan ƙaramin gida a gefen gona, iska mai daɗi, hanya ba mota ba hayaƙi, ka fita da sassafe ba ka dawo ba sai rana ta ɗaga. Har gobe ina son irin wannan wuri. Amma zaman jiransa shi ne kuskure na farko, kuma shi ne uban na biyu, wato ɗora wa jiki aiki mai yawa lokaci guda.

Jiki bai san hutun shekara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Kowane mako fa, ba mako ɗaya a shekara ba. Minti 30 sau 5 a mako ya isa ya cika mafi ƙarancin adadin, kuma kowace hanyar da ke kusa da ƙofar gidanka za ta yi.

Ni sai da na ji a jikina. Shekarar da na samu zuwa karkara na mako guda, na yi watanni ban taɓa keke ba. Ranar farko na yi tafiya mai nisa, ranar ta biyu na ƙara. A ta uku, ina cikin hawan wani tudu, na ji kamar an soka mini allura a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Sauran kwanakin a zaune na cinye su ina kallon hanyar da na yi shekaru ina marmari, kuma sai da aka yi watanni kafin in hau bene ba tare da na cije leɓe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, amma jijiyoyi da gaɓoɓi sannu a hankali suke bi, shi ya sa numfashinka zai ce maka ci gaba alhali gwiwarka ta riga ta gaza.

Amma nisan tafiya kaɗai bai yi mini wannan ɓarnar ba. Sirdina ne ya yi ƙasa da yawa, kuma a nan ne raina ke ɓaci idan na ga sababbin mahaya. Mutum ya sauke sirdi har ƙasa wai don ƙafafunsa biyu su taka ƙasa yana zaune, sai ka ga gwiwoyinsa na tasowa kusan ƙirjinsa duk juyin feda. Keke ba kujerar falo ba ce! Idan za ka tsaya, sauko daga sirdin ka tsaya. Gwiwar da ba ta miƙewa sosai, duk matsin a kan ƙoƙonta yake sauka, sau dubbai a tafiya ɗaya.

Ga yadda nake gyara nawa. Ina jingina da bango, in hau, in ɗora diddigena a kan feda, in juya ta zuwa can ƙasa. Idan ƙafata ta miƙe sak ba tare da ƙuguna ya karkata ba, tsayin ya yi. Da na mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. Masu son lissafi suna da hanyar da ake dangantawa da Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka auna tsawon ƙafarka ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai samu kusan 70.6, daga tsakiyar inda hannun feda ya haɗu da jikin keke zuwa saman sirdi. Ni diddigen ya fi mini. Ciwo a gaban gwiwa galibi sirdi ne ya yi ƙasa. Ciwo a bayanta, ko ƙugu na rawa hagu da dama, ya yi sama. Kada ka ɗaga shi da yawa lokaci guda, milimita kaɗan kaɗan.

Abokin wannan kuskure shi ne son giya mai nauyi. Wasu gani suke sauya giya zuwa mai sauƙi ragwanci ne, sai su riƙa danna feda kamar masu taka dutse, jijiyar wuya a tashe. Wa kake burgewa? Gwiwarka ce za ta biya. Ni ina neman juyi 80 zuwa 90 a minti a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma ina sauke giya tun kafin in shiga tudu, ba sai keken ya fara nishi ba. Ma'aunina na gudu shi ne magana: idan ba zan iya faɗin jimla guda ba sai da haki, na wuce gona da iri, sai in sassauta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. Idan tafiyar za ta wuce minti 90, riƙe ɗan abin ci, don makamashin da tsoka ta ajiye yakan fara ƙarewa a daidai nan, ƙafafu su mutu ba shiri. Iskar da taya ke buƙata a rubuce take a gefenta, ka duba kafin ka sa famfo. Goge sarƙa kafin ka sa mata mai, in ba haka ba ƙura da mai su haɗu su riƙa cin haƙoran giya. Birkin gaba ya fi ƙarfin tsayar da keke, ka koyi matsa shi a hankali tare da na baya, musamman a gangare mai tsakuwa. Hular kwano kuwa ba na muhawara a kanta, ko zagaye ɗaya zan yi sai na sa.

Akwai wanda na makara kafin in gane: keke ba ya ɗora wa ƙashi nauyi kamar tafiyar ƙasa ko gudu, don haka kwana 2 a mako nakan yi tsugunne-tashi da ɗaga ɗan nauyi.

Idan Allah ya nufa ka samu zuwa karkarar, tafi da kayan faci da famfo, kuma ka koyi amfani da su tun a gida, don mai gyara zai iya yi maka nisan da ba ka zata ba. Ranar farko ka yi rabin abin da ranka ke so. Ni yanzu na naɗa ɗan salatif a sandar sirdina daidai inda ya dace, kuma duk wanda ya ari keken, shi nake fara dubawa idan ya dawo da shi.