Babi na Huɗu: Sanin Keken Ɗinki da Ado na Gida

Darasi na 1: Sassan keke

Ku zauna a gaban keken, kada ku jona wuta tukuna. A hannun dama akwai wili. Ku juya shi zuwa wajenku, ba baya ba, za ku ga allura tana sauka tana hawa. Ƙarƙashin allura akwai ɗan ƙarfe mai danne yadi, shi ne ƙafa. Ƙarƙashin ƙafa akwai haƙoran da ke jan yadi, saboda haka ba sai kun ja da hannu ba. Ku laluba bayan allura, za ku ji ɗan mariƙi. In kun ɗaga shi ƙafa ta tashi, in kun sauke ta sauka. Ku yi haka sau biyar. Madalla.

Darasi na 2: Zura zare

A nan na fi ganin mutane suna tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Kafin ku taɓa zare, ku ɗaga ƙafa.

Ga dalili. A cikin keken akwai ƙananan faifai biyu da ke matse zaren sama. Ƙafa na sama, faifan a buɗe suke, zare ya shige tsakaninsu. Ƙafa na ƙasa, a rufe suke, zare ya bi ta gefe ba abin da ya riƙe shi. Daga sama ɗinki zai yi kamar lafiya lau, sai kun juya yadin ku tarar zare ya cukurkuɗe ya yi curi guda. Sai a kama zargin bobin, wato ɗan abin da ake naɗe zaren ƙasa a jikinsa, alhali bobin bai yi laifin komai ba.

To, ku ɗaga ƙafa. Ku juya wili har ƙarfen da ke jan zare ya kai can ƙoli. Ku bi lambobin da ke jikin keke, 1, 2, 3, kada ku tsallake ko ɗaya. Wanda karatun lamba bai zauna masa ba tukuna ya bi kibiyoyin, ba abin kunya ba ne. Yanzu ku ja zaren: ya taho da sauƙi? Ku sauke ƙafa ku sake ja: ya yi tauri? Kun yi daidai.

Ku zare shi, ku sake. Me za ku fara yi? Ɗaga ƙafa. Haba jama'a, har yanzu akwai masu zurawa ƙafa na ƙasa, sannan su zo min da yadi a yage suna cewa keke ya lalace! Gaggawa ce kawai, kuma ba na son in sake gani. Ku ɗaga ƙafa.

Darasi na 3: Allura da tsawon ɗinki

Kan allura, wato wajen da ke shiga cikin keke, yana da gefe ɗaya a shafe. A yawancin kekunan gida na zamani wannan gefen baya yake kallo. Lamba 80/12 ta yadi madaidaici ce, 100/16 ta mai kauri. Tsawon ɗinki ku bar shi a 2.5. In kun canja allura za ku sake zura zare, kun san abin da za ku fara yi.

Darasi na 4: Aikin ado

Ku sa takardar ƙarfafa yadi a ƙarƙashin yadin, ku ɗaure su tare cikin firem, wato zoben da ke riƙe yadi, har su miƙe sosai. A sa allura 75/11. Ku zaɓi zane a allon keke, ko ku shigar da naku ta USB. In keken ya gama launi ɗaya ya tsaya, wani launin zare yake jira.

Darasi na 5: Tsafta

Ku cire wuta, ku share ƙurar gidan bobin da ɗan buroshi.