Idan likita ya ce za a buɗe ƙoƙon kai: shawara ga 'yan Kebbi da Zamfara sababbin zuwa Turai

Hawan jini ya yi mana yawa, kuma mutanenmu da dama suna isowa nan ba su taɓa auna shi ba. Yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, wato jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, har wani lokaci a kai ga buɗe ƙoƙon kai. Duk wanda ya sauka ya yi rajista da likita a makonnin farko, a auna shi. Lambar gaggawa kuma a haddace: 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 ga waɗanda suka wuce Amurka.

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa na ɓangare ɗaya ya saki, magana ta sarƙe: alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan, ku kira motar asibiti nan take, ku riƙe lokacin da aka ga mutumin lafiya lau na ƙarshe. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi daga wannan lokacin. Kada a ɗura masa zamzam ko rubutu ko shayi, domin haɗiya kan lalace, ruwan ya gangara huhu. A yi masa addu'a a tofa. Asfirin ma a bari sai an ɗauki hoton kai, don idan jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi.

Idan babbar jijiyar da ke shayar da ɓarin ƙwaƙwalwa ce ta toshe, wurin da ya mutu yakan kumbura, kumburin ya fi tsanani tsakanin kwana na biyu da na biyar. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, sai ƙwaƙwalwa ta danne tushenta mai kula da numfashi. Alamarsa ita ce majinyaci ya yi ta barci, tada shi ya yi wuya, baƙin ido ɗaya ya faɗaɗa. Don ƙwaƙwalwa ta sami sarari, likita zai cire ƙashi mai faɗin aƙalla santimita 12 a ɓangaren da ya kamu, ya tsaga fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, ya ɗinke fatar kai a bisa. An fi son a yi cikin awa 48 daga fara ciwon.

Binciken da aka haɗa daga Faransa da Jamus da Holan a 2007 ya nuna cewa a cikin masu shekara 60 zuwa ƙasa, kusan kashi 78 cikin ɗari sun rayu bayan aikin, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 29. Amma a gane da kyau: aikin ceton rai ne, ba ya tayar da abin da ya mutu. Ɓarin da ya shanye zai iya zama haka. Idan hagun ƙwaƙwalwa ce, magana kan tafi ko ta ragu. Waɗanda suka haura 60 sukan rayu, sai dai mafi yawansu da naƙasa mai nauyi. Ku tambayi likita kai tsaye: zai yi tafiya? Zai gane iyalinsa? Ku nemi tafinta na asibiti, kyauta ne a Ingila; kada a ɗora wa yaron gida wannan nauyi.

A nan ne al'adarmu ke cin lokaci. Matar tana jiran yayan miji a Gusau, shi kuma yana jiran Baba a Argungu, waya ba ta shiga, awoyi suna wucewa. Ku zauna tun da lafiya ku tsayar da mutum ɗaya mai magana. A Ingila, idan ba a rubuta wakilcin lafiya bisa doka ba, likitoci ne ke yanke hukunci bayan sun ji ta bakin iyali. A Jamus, tun 2023 miji ko mata na iya wakiltar juna har wata shida.

Ƙashin da aka cire ana ajiye shi cikin firiza, wasu asibitoci kan sa shi ƙarƙashin fatar ciki, ko a ƙera madadinsa da ƙarfen titaniyam. Mayarwa kan zo bayan makonni ko 'yan watanni. Kafin nan majinyaci zai sa hular kwano duk lokacin da zai tashi, kuma ba ya kwanciya a kan wannan gefen. Zazzaɓi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, farfaɗiya, wurin ya tashi ya yi tauri, ko ya lotsa sosai tare da ruɗewa: a koma asibiti ranar.

Dangi za su matsa a maido shi gida a yi jinya. Kada a sayi tikiti sai likitan tiyata ya yarda, kuma a karɓi hotuna da rahoton aikin, a nuna a cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.