Hilux na wasa da silo: kurakuran da ke cinye kuɗin mai mota

Na gaji da ganin abu ɗaya a warshoshin gyaran mota na Gadarif, a Sudan. A kawo Hilux silonta na wasa, wato tana tsaye inji na hawa yana sauka, allurar juyin inji na rawa tsakanin 600 da 900, kafin mai mota ya gama bayani yaro ya riga ya ɗauko sifana ya nufi famfon gas, mai tura dizal zuwa silinda. Famfon nan yana cikin abubuwa mafi tsada a jikin injin, kuma shi ne na ƙarshe da ya kamata hannu ya taɓa.

Injin dizal ba shi da fulogi, saurinsa na bin yawan man da ya shiga silinda ne. Idan man ya zo da iska, ko da ruwa, ko filta ta toshe yana zuwa da kyar, famfo zai dinga ƙarawa yana ragewa don ya riƙe silo, shi ne rawar da kake gani. Lafiyarsa lau, abin da ake ba shi ne ba kyau. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 yawancinmu a jarka da duro muke sayen gas, da tsatsa da yashi da ruwan da ya kwanta a gindi. A irin wannan hali wa zai fara zargin famfo?

Abin ya taɓa cina da tsada. Lokacin girbin riɗi wani manomi ya kawo tsohuwar boksi, wato a-kori-kura, mai injin 5L, ba na nan, yaron warshata ya cire famfon ya kai wa masu gyara. Aka buɗe, aka sake robobi, aka dawo da shi, mota ta tashi da ciwonta yadda ta zo. Kuɗin daga aljihuna ya fita, manomin ya yi hayar wata mota ya kwashe amfaninsa, bai sake tako ƙofata ba. Ashe tiyon da ya taso daga tanki ne ya tsage a bakin maɗauri. Yaron ya ce mini, "Wallahi Usta na duba, ba inda yake yoyo." Ai ba zai yi yoyo ba! Ɓangaren da famfo ke zuƙa ne, tsagar iska take sha, ba mai take zubarwa ba. Ku riƙe wannan, don Allah.

Ga yadda nake yi, ko da wasu ustoci, manyan makanikai, na ganin ɓata lokaci ne. Ina kwance maƙunshin ƙasan filta in tari abin da ya fito a farar kwalba. In da ruwa zai kwanta a ƙasa. Sai in danna famfon hannu da ke saman filta: in bai yi tauri ba, iska na shiga. Sannan in sa farin tiyo tsakanin filta da famfo in tsaya ina kallon kumfa. In har yanzu ina shakka, sai in ba injin gas mai tsabta kai tsaye daga jarka, tanki ba ruwansa. Silo ya zauna? To ciwon yana baya, a tiyo ko rariyar cikin tanki ko murfin tanki da ba ya numfashi.

Kuskure na biyu ya fi tayar mini da hankali, saboda shi ba kuɗi kawai yake ci ba. Mutum ya koyi aiki a kan tsofaffin injinan 3L da 5L, sai a kawo masa injin 2KD ko 2GD mai kwamfuta ya ce duk ɗaya ne. Ya sassauta bututun ƙarfen da ke kai mai nozul, mai fesa gas cikin silinda, inji na aiki, wai yana neman silindar da ba ta ci. Kai, ɗan'uwa, ka san me kake wasa da shi? Ƙarfin man da ke cikin bututun nan ya kai ɗaruruwan bar (ma'aunin matsi) ko a silo, in an taka kuwa yana iya haura 1,500. Yana huda fata ya shige nama, ramin ƙarami kamar na allura, amma yana iya kai mutum ga rasa yatsa in ba a garzaya asibiti ba. Kuma waɗannan injina ba su da kusar ƙara silo, kwamfuta ce ke riƙe da shi, a daina laluben abin da babu. Jona na'urar gwaji ka kwatanta ƙarfin man da kwamfuta ke nema da wanda take samu. Idan lambobin biyu na tsere wa juna, musamman in inji ya yi zafi ko motar na mutuwa in an ɗaga ƙafa, a injin 2KD duba ɗan bawul ɗin SCV, mai daidaita yawan man da famfo ke zuƙa, da ke bayan famfon kamfanin Denso. Wasu na wanke shi, ni sabo nake sawa, domin wanda aka wanke yakan dawo da mai mota kafin wata ya zagayo.

Sauran ƙanana ne. In AC na kunne silo ya ɗan ɗaga ya sauka daidai da kamawar kamfaresa, ba ciwo ba ne, kashe shi ka gani. Kada ka goge lambar matsalar da na'ura ta nuna kafin ka rubuta ta. Nozul na gwanjo da ba a shigar da lambarsa a kwamfuta ba zai sa inji ɗingishi. Bayan habub, wato guguwar ƙura, filtar iska da na'urar auna iska su ne farkon dubawa. Bawul ɗin EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji, da ya cika da baƙi ya maƙale a buɗe yana kawo rawa da hayaƙi. Mota na girgiza amma allura na tsaye cak? Robobin da inji ke zaune a kai ne suka mutu.

Ja sandar baƙin mai ma a kowace mota. In ya haura alama yana warin gas, ko turbo na zubar da mai cikin bututun iska, injin na iya fara shan mansa ya tashi da gudu, makulli ba zai kashe shi ba. Taka birki, sa babbar giya, saki kuloc. In ba hali, toshe bakin iska da katako, kada ka kuskura ka sa tafin hannu.