Ku kunna agogon GPS tun kafin a busa usur

Ƴan uwa masu atisayen tiriyatulon, wato iyo da keke da gudu a jere, ga abin da ya same ni. Na taɓa kunna agogona daidai lokacin da zan faɗa ruwa, sai da na fito na tarar bai kama tauraron ɗan Adam ba, iyon duk ya tafi a banza. Ku tsaya a fili minti biyu ko uku, nesa da inuwar bedi da katanga, har alamar GPS ta cika.

Siginar GPS ba ta ratsa ruwa. Duk sanda hannu ya nutse sai ta yanke, shi ya sa nisan iyo kan fito da ƙari ko ragi. A kwamin wanka ma a kashe GPS ɗin, a saka tsawon kwamin, mita 25 ko 50, agogon zai ƙirga juyi da kansa.

A tsarin wasanni uku na agogon, maɓalli ɗaya ke kai ka daga iyo zuwa keke, shi ne kuma ke kai ka daga keke zuwa gudu. Danna sau ɗaya tak! Da jiƙaƙƙen yatsa na danna biyu, kilomita 20 na keke a hanyar Madarunfa suka shiga lissafin gudu.