Yadda Ake Saita Joyistik Biyu a Manhajar MAME

Wasu masu ɗakunan gem a Jos sun fara waiwayar tsofaffin wasannin akwati, waɗanda ake jefa wa kwabo kafin a buga, irin su Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, da Metal Slug na 1996. Manhajar da aka fi amfani da ita wajen kunna su a kwamfuta ita ce MAME, wadda Nicola Salmoria ya fara fitarwa a 1997. Ɗan wasa ɗaya ba ya ba da wahala. Da zarar an ce mutum biyu za su kara, a nan ne saitin yake neman natsuwa.

Kafin a buɗe MAME, a jona joyistik ɗin duka biyu, domin manhajar tana ƙidaya na'urorin da ta tarar ne a lokacin da take tashi. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta joy.cpl, a tabbatar kowanne ya bayyana kuma duk maɓallansa suna amsawa. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga wanda ya sayo masu arha a kasuwar Terminus, inda ba a rasa na'urar da maɓalli ɗaya ya mutu tun tana cikin kwali. Sannan a duba fayil ɗin saitin MAME mai suna mame.ini, a ga cewa layin joystick yana kan 1.

Bayan an kunna wasa, a danna Tab, a shiga Input Settings. A can akwai saiti iri biyu: na gama-gari, wanda ya shafi dukkan wasanni, da na wasan da ke gudana kaɗai. Shawarata ita ce a fara da na gama-gari, domin wanda ya fara da na wasa ɗaya zai maimaita aikin a kowane wasa. A shiga Player 1 Controls, a zaɓi P1 Up, a danna Enter, a tura sandar sama, a ɗan dakata har ta rubutu, sannan a bi ƙasa da hagu da dama da maɓallai. A yi haka a Player 2 Controls da ɗaya na'urar, ana lura cewa kowane layi na ɗan wasa na biyu ya nuna Joy 2. Idan Joy 1 ya fito a can, sanda ɗaya za ta riƙa motsa 'yan wasan biyu. Kada a manta da maɓallan jefa kwabo da na farawa, waɗanda a kibod suke kan 5 da 6 da kuma 1 da 2. Gara a mai da su kan joyistik, don kada yara su riƙa miƙa hannu cikin kibod ana tsakiyar wasa.

Street Fighter II na buƙatar maɓallai shida, uku na naushi a sama, uku na shuri a ƙasa, yayin da wasannin Neo Geo, wata na'urar wasannin akwati, huɗu suke amfani da su, saboda haka a nan ne saitin wasa ɗaya yake da amfani.

Babbar matsalar tana zuwa ne daga baya. Windows ba ya ba da tabbacin jera na'urori a tsari guda kullum, don haka bayan an sake kunna kwamfuta, wanda ke zaune a hagu zai iya tarar da kansa yana juya ɗan wasan dama. MAME tana da maganin wannan: ana rubuta ƙaramin fayil a foldar ctrlr, a yi amfani da umarnin mapdevice a ɗaure shaidar kowace na'ura da lambar da ake so, sannan a sanya sunan fayil ɗin a mame.ini. Sai dai idan na'urorin biyu iri ɗaya ne sak, kamar allunan Zero Delay, masu haɗa sanda da maɓallai da kwamfuta, waɗanda masu haɗa akwati suke so saboda arharsu, shaidarsu kan zo ɗaya, manhajar ta kasa bambance su. A wannan hali, mafi sauƙi shi ne a sayi iri daban-daban tun farko, ko kuma a manna wa kowace waya alama, a bar ta a raminta na USB, a daina cirewa.

Akwai kuma batun adanawa. MAME tana rubuta saitin a foldar cfg ne lokacin da aka fita daga wasa da Esc, na gama-gari a default.cfg, na kowane wasa kuma da sunansa. Idan wuta ta ɗauke kafin a fita, aikin ya tafi. Haka nan idan aka buɗe wasa babu joyistik a jone sannan aka fita, saitin na iya gogewa. Da zarar komai ya daidaita, a fita da Esc, a kwafi foldar cfg gaba ɗaya zuwa filas, a ajiye.