Hannun jari da kuɗin ruwa: inda masu haraji ke kama ku

Tun da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna a watan Maris na 2024 su ƙara jari, suka yi ta fito da hannun jari kasuwa, ban huta ba. Wanda bai taɓa sanin ƙofar dillalin hannun jari ba ya saya ta waya, yau kuma takardar ofishin haraji ta iso, sai a nufo ni da ita a ninke cikin aljihu. Kuskuren na jiya shi ne na yau, har bakina ya gaji.

Babban cikinsu shi ne sayen hannun jari da kuɗin da ba ka da takardar asalinsu. Ka rubuta cewa abin da ka samu a shekara miliyan uku ne, ga bayanin asusunka na CSCS, wato kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jarin kowa, yana nuna ka zuba miliyan ashirin. Sayen kansa babu harajin kuɗin shiga a kai. Abin da jami'in ke tambaya shi ne ina sha bakwai ɗin suka fito. In ka kasa amsawa, zai ɗauke su kuɗin shiga da ka ɓoye, ya yanka maka haraji bisa kiyasinsa, ya ɗora tara. A nan ake fara kame-kame: gado ne, adashe na ɗauka, yayana na Jidda ne ya aiko. Duk yana iya zama gaskiya, Alhaji, amma baki ba ya shiga fayil. Gadon ina takardar rabonsa daga kotu? Gonar da ka sayar ina yarjejeniyar da shaidu suka sa hannu? Masu saya da sunan uwargida ko yaron shago kuma sun ƙara wa kansu aiki, don yanzu mutum biyu za a tambaya maimakon ɗaya.

Ni abin da nake yi, kowane saye ambulan ɗinsa daban. Takardar cinikin da dillali ya ba ni, shafin bayanin banki da kuɗin suka fita, da takardar da ke nuna yadda suka shigo tun farko. Ko ƙanina ne ya ranta mini, sai mun rubuta, kuma ta banki zai turo, ban karɓar damin kuɗi a leda. Wasu abokan aikina suna cewa hoto a waya ya wadatar. Waya tana faɗawa ruwa, ofishin haraji kuwa yana iya waiwayar shekara shida baya.

Na biyun, wato zare ruwan bashin da bai shiga sana'a ba daga riba, shi ne ya taɓa ƙona ni, shi ya sa nake zafi a kansa. A 2007, lokacin da kowa ya haukace da hannun jarin bankuna, na karɓi bashi da sunan shagona na ce kaya zan saro. Rabi na sa a kaya, rabi na miƙa wa dillali. A 2008 kasuwa ta rufta, jarin ya narke, bashin yana nan daram. Da na zo cike takardar haraji sai na zare kuɗin ruwan gaba ɗaya daga ribar shago, ina ganin na yi wayo. Jami'in bai ɗaga murya ba. Bayanin asusu kawai ya nema, ya bi da yatsa har ranar da kuɗin suka tafi wurin dillali. Ƙa'idar a fili take: ruwan bashi ana zare shi ne in an yi amfani da kuɗin wajen samo kuɗin shigar da ake biya wa haraji. Ruwan rabin da ya tafi hannun jari ba ɗawainiyar shago ba ce. Abin takaici, da yake na cakuɗa bashin da cinikin yau da kullum a asusu guda, ko rabin da nake da gaskiya a kansa sai da na sha wuya kafin na tabbatar. Na yi asara a kasuwa, na biya banki, na dawo na biya haraji da tara. Ga mari ga tsinka jaka.

Amma har yau sai in ga matashi ya karɓi bashin sana'a ya yi biki da shi, ya sayi mota, ya ɗan taɓa hannun jari, sannan ya kawo mini ya ce in zare ruwan. In zare daga ina? Tun daga wancan karon bashi ba ya kwana a asusun cinikina. Asusu daban nake buɗe masa, duk nairar da ta fita akwai rasit a bayanta. Masu hulɗa da bankunan da ba sa ruwa, kada ku ce maganar ba ta shafe ku ba, ku ma za a tambayi abin da kuka yi da kuɗin. Ruwan bashin gina gidan da kake zaune a ciki doka ta yarda a zare, na gidan haya kuma lissafinsa yana wajen kuɗin haya.

Ribar da kamfani ke rabawa an riga an cire mata kashi 10 kafin ta iso ka, ka adana shaidar. Masu cewa sayar da hannun jari ba haraji tsohon labari suke bayarwa: daga 2022 aka sa haraji a cinikin da ya kai miliyan 100 a cikin wata goma sha biyu, sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 kuma ta yafe in cinikin bai kai miliyan 150 ba, ribar ba ta haura miliyan 10 ba. Takardar harajin shekara ta mutum ɗaya 31 ga Maris ce iyakarta.

Sai masu tura takardar kiyasi ƙarƙashin katifa suna jiran wani da ya san wani. Kwana 30 kake da su ka rubuta ƙin amincewa, da dalilanka ɗaya bayan ɗaya. In suka wuce, kiyasin ya zauna ko da zalunci ne, hanyar kotun ɗaukaka ƙarar haraji ma ta yi maka ƙunci. Ni ranar da takarda ta iso nake rubuta kwanan wata a goshinta da jan biro, in kai amsa da ƙafata, ba na barin ofishin sai an buga mini hatimin karɓa a kwafina.