Yadda ake canza katalis na tsohuwar mota ba tare da an yi asarar sabon ba

Katalis, wanda makanikai a garejojinmu suka fi kira indomie saboda ƙananan ramukan cikinsa, tulu ne da ke kan salansa tsakanin inji da bututun baya. A cikinsa akwai farin dutse mai kama da saƙar zuma, an shafe shi da filatinum da faladiyum da rodiyum, su ne ke ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita. Ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Idan ka ji an ce an sa sabo mota ta dawo da gudunta, to tsohon ne ya toshe yana shaƙe injin. Wanda nasa bai toshe ba kuma ya canza don neman gudu, ya yi wa mai kayan gyara sadaka.

Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa shi ne mai laifin. Alamun toshewa sanannu ne: mota na tashi lafiya, tana silo lafiya, amma da an hau titi an taka totur sai ta noƙe, musamman a hawa ko idan ta yi zafi. Wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ka bubbuga tulun da gudumar roba, inji a sanyaye, ka ji kamar tsakuwa a gwangwani, dutsen ya farfashe. Na'urar sikanin kan nuna P0420, ko P0430 a ɗaya ɓangaren inji mai V6 irin na Sienna. Sai dai wannan lamba cewa kawai take yi sensan baya, wato ƙaramar na'urar da ke auna hayaƙi bayan ya wuce katalis, bai gamsu da hayaƙin da yake gani ba, kuma huda a salansa ko sensa mai ciwo na iya jawo ta. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a kwance sensan gaba, wanda ke tsakanin inji da katalis, a ɗaura gejin matsin iska a raminsa. A silo kada ya wuce psi 1.5, a juyin inji 2,500 a minti ɗaya kada ya wuce psi 3. In babu geji, a bar ramin a buɗe a ɗan zaga na minti biyu kacal. Motar za ta yi ƙara, amma idan ƙarfinta ya dawo an kama ɓarawon.

A nan ne masu koyo suke faɗuwa. Katalis ba ya mutuwa haka kawai, wani abu ne ke kashe shi, kuma abin yana nan yana jiran sabon. Kafin ka sayi komai, ka leƙa fuskar tsohon da tocila. Idan ta narke ta dunƙule kamar robar da ta sha wuta, ɗanyen fetur ne ya riƙa shiga yana ƙonewa a ciki. Wato fulogi ko kwayil ba ya ba da wuta, ko nozul na ɗiga, ko sensan gaba ya tsufa yana sa kwamfutar mota zuba mai fiye da kima. Lambobin P0300 zuwa P0304 da P0172 su ne shaidar hakan a inji mai silinda huɗu, kuma fitilar inji da ke ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak tana gaya maka cewa ana dafa katalis ɗin a daidai wannan lokacin. Idan kuwa ka ga baƙar toka mai danƙo ta cike ramukan, injin na shan baƙin mai, ringi ko robobin bawul sun gaji. Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna a wannan. Farar ƙura mai kama da alli kuma ruwan lagireto ne, tof gaskit ya fara sallama. Duk wanda ka gani a cikin ukun nan, shi za a fara gyarawa, a yi kwanaki ana hawa motar a tabbatar lambobin ba su dawo ba. Inji mai tsallake wuta zai iya narkar da sabon katalis a tafiya ɗaya daga Kano zuwa Kaduna.

Wajen saye, ni dai na fi son na Kwatano wanda aka ciro daga irin motarka sak, da filanjinsa, wato faffaɗan bakin da ake ɗaure shi da notuna, da ramin sensa a inda ya kamata, a kan sabon nan mai arha da ake cewa yana shiga kowace mota. Mai arhar ƙarfe mai daraja kaɗan ne a cikinsa, shi ya sa fitila ke dawowa bayan 'yan watanni. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ka haska tocila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan. Ramukan su kasance a jere, a buɗe, ba tsagewa. Ka duba jikin tulun: sabon layin walda a jikinsa na nufin an farke shi an kwashe dutsen, wataƙila an cusa soson ƙarfe. Ka kuma san inda naka yake. A Camry 2.4 katalis na gaba haɗe yake da manifol, wato bututun da ke tattaro hayaƙi daga jikin inji, dole a canza su tare, a Corolla 2003 zuwa 2008 kuwa yana kan bututun da ke ƙarƙashin mota. Ka haɗa da sababbin gaskit da notuna. Tsohon kuma kada ka bar shi a gareji, masu sayensa na biyan kuɗi mai kauri saboda ƙarafan cikinsa, zai rage maka tsadar sabon.

Kwancewa aikin haƙuri ne. Tun daren jajibirin aikin ka jiƙa duk notunan da WD-40, ka sake da safe. Inji ya huce sarai, mota a kan rami ko kan tsayayyun ƙarafa, ba kan jak kaɗai ba. Cire kan batir na baƙar waya. Zare soket ɗin sensa kafin ka juya shi, in ba haka ba wayar za ta murɗe ta tsinke daga ciki, sannan ka kwance shi da sifana mai lamba 22. Notunan da suka sha zafi da tsatsa shekara goma sha biyar ba a fizgarsu. A yi amfani da bokis mai kusurwa shida, a ɗan ƙara ɗaure noti kaɗan, sannan a sassauta, a riƙa kai da komo. Wanda ya ƙi, a gasa notin da wutar gas har ya yi ja, a nisanta harshen wutar daga bututun fetur. Ƙusar da ta karye a jikin kan inji za ta mayar da aikin awa biyu na kwana biyu.

Bayan an sauke, a girgiza bututun baya da tukunyar salansa. Idan dutsen ya farfashe, gutsattsarinsa na can ciki, kuma za su ci gaba da toshe hanya ko da an sa sabo.

Ɗaurawa ba ta da wahala. A kankare fuskar filanji, a sa sabon gaskit a bushe. Kada a shafa gam ɗin silikon, yana kashe sensa. A lura da kibiyar da ke jikin tulun, tana nuna baya ne. A kama duk notuna da hannu, a rataya robobin salansa, sai a ɗaure daga gaba zuwa baya. In aikin walda ne, sensa a waje, batir a cire, kuma kada a bar ko hudar allura a gaban sensan baya. A mayar da farantin kare zafi, domin tulun na kaiwa digiri 800 a aiki. Sensa kuma a ɗaure shi kusan Nm 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, man hana kamewa a kan zarensa kawai.

A tayar, a bar shi a silo har fanka ta tashi, a riƙe totur a 2,500 na minti biyu, a kashe ya huce. Ɗan hayaƙi da wari a farko fenti ne ke ƙonewa. A saurari tsiyayar iska a kowane haɗi, a goge lambobi da na'ura, a sake yin sikanin bayan mako ɗaya na hawa, sannan a ƙara ɗaure notunan.